Ɗan kisa da ragon Kawu Ila

"Kashe wayar nan!" Haka Kawu Ila mahauci ya daka mini tsawa jiya da hantsi a rumfarsa ta kasuwar Batsari, alhali ya fi ni leƙen fim ɗin da nake kallo a cikinta.

Fassarar Hausa ce. An turo wani ɗan kisa ya harbe wani tsoho, ya tarar da shi yana cin abinci, tsoho ya ce bismilla. Gogan ya zauna ya ci. Daga nan kullum sai ya zo da bindiga ya koma da ƙoshi.

"Sakarai," in ji Kawu. "Wanda za ka kashe ai ba a haɗa kwano da shi."

A gindin teburinsa kuwa ga ragon da ya sayo daga garin Zakka, wanda ya ce ranar zai yanka. Tun zuwan ragon nan Kawu ke gutsura masa ƙosai da hannunsa.

Na ɗauko wuƙa na miƙa masa. "To Kawu, nuna wa sakaran yadda ake aiki."

Rago ya taso ya cusa hanci a aljihun Kawu. Kawu ya dubi wuƙa, ya dubi rago.

"Bai yi ƙiba ba tukuna."

"Haba Kawu, ragon da sai da nishi yake tashi?"

"Ɗan nema, fita min daga rumfa!"

Ƙarshe akuyar wani ya saya ya yanka. Rago yana nan da ransa.

Ashe har mahauci yana da wanda wuƙarsa ba ta ci. A cikinku wa ya taɓa iya yanka abin da ya ciyar da hannunsa?