Harshen Inna Honorine

Duk 'yar rawar da ta taka dandamalin gidan wasanmu na Paris a wancan zamanin, sai da Inna Honorine ta lashi siket ɗinta. Ita ce mai wanki da gugar kayanmu, gajeruwa, ga baki kamar reza. Kafin a ɗaga labule takan tsaya a bakin shiga da jiƙaƙƙen bargon kashe wuta a kafaɗa, mu jeru, ta kama leɓen siket ɗin kowa ta kai harshe. In ta ji baurin alif, ki wuce. In ba ta ji ba, ko 'yar gidan uban wa ce ke, sai kin koma kin sake.

Fitilun gas ne dalili. A jere suke a bakin dandamali, daidai ƙafafunmu, wuta tsirara, mu kuwa muna juyi cikin yadi shara-shara ninki goma. Yadin da ya sha ruwan alif ba ya kama wuta da wuri. Sai dai yakan yi tauri, farinsa ya koma kamar tsohon haƙori. Mun tsane shi.

Ita ma ta yi rawar bale, irin tamu ta kan yatsun ƙafa, da ƙuruciya, a sahun baya, tare da ƙanwarta Célestine. Taku uku ne tsakaninsu ranar da siket ɗin Célestine ya shafi fitila. Kwana tara yarinyar tana ihu kafin ta cika. Honorine ba ta ƙara ɗaura takalmin rawa ba. Ta sauka ɗakin wanki, shekara ashirin da shida ke nan.

Ba mu fasa tsokanarta ba. "Inna, yau gishiri ya ji?"

"Bari a gasa ki tukuna, sai in faɗa miki. Wuce, ja'ira!"

Ni Zélie, ina da shekara sha tara aka ba ni rawar fatalwa, ni kaɗai a gaba. Fatalwa ai tashi take kamar hayaƙi, ni kuwa siket ɗin Inna kamar an ɗaura mini tabarma. Na same ta a bakin baho.

"Inna, don Allah, rana ɗaya tak."

"Célestine ma rana ɗaya ce," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Wayona ya yi mini yawa. Na saci siket ɗin na kai ɗakina, na ɗauraye shi sau uku har ya yi laushi, sannan na tsoma leɓensa kaɗai a ruwan alif, faɗin yatsa biyu. Na san inda take lasa.

Ranar wasa Inna ta kama leɓen, ta lasa, ta yi murmushi. "'Yar albarka." Sai ta yi abin da ban taɓa gani ba: ta sauke bargon ta rataye shi can nesa a jikin ƙusa, ta jawo kujera. "Kafaɗar nan ta ishe ni. Ke kaɗai ce a fili, kuma na ɗanɗana ki. Yau ni ma kallo zan yi."

Na buɗe baki in faɗa mata, sai kiɗa ya tashi, aka turo ni.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Hucin fitilun nan ya fi mini ƙarar goge a kunne, zafinsu yana lasar ƙwaurina. Siket ɗin ya tashi yadda na so, yana buɗewa fiye da yadda na saba, kowane juyi kuma gaba yake kai ni. Na waiga na ga bargon yana ɗiga a jikin ƙusarsa. Sauran juyi huɗu. Uku. Ƙauri na fara ji, kafin wata mata a sahun gaba ta ƙwalla ƙara.

Inna ba ta tsaya neman bargo ba. Ta kayar da ni, ta danne ni da jikinta, tana murje wutar da tafin hannunta tana kiran sunan ƙanwarta.

Ni tabo kawai na samu a cinya, na ƙara shekara sha ɗaya ina rawa. Ita yatsunta suka manne, ba ta sake riƙe dutsen guga ba.

Na je asibiti da miyar albasa ina ba ta a cokali. Ta juya ta a baki, ta daɗe, sai hawaye.

"Zélie, na lasa fa. Na rantse na ji bauri. Ashe harshena ya mutu ban sani ba? Yara nawa na tura cikin wuta haka?"

Ta zuba mini ido tana jira. In na faɗi gaskiya, kora ce, kuma ba gidan rawar da zai sake karɓata. Na ɗebo wani cokalin.

"Tsufa ne, Inna," na ce. "Sha miyarki."