Kat-san-kat ɗin Alhaji Hamadu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Maris, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, irin lokacin nan da zafin Garwa kan kai har kwalta ta riƙa kama takalmin mutum. Na kawo wa Baba abincin rana a garejinsa, ina tsaye da langa a kai ina sauya ƙafa saboda ƙunar ƙasa, sai ga bijimai biyu sun karyo kwana suna jan mota da igiya. Tsatsa ta cinye ta har ba a gane launinta na asali, tayoyi biyu sun sace, kaji kuma sun daɗe suna kwana a ciki, don shaidarsu na nan birjik a kan kujera. A gefenta wani dogon tsoho ke tafe, ya ɗora hannu a kan ƙofar bai cire ba har aka tsaya. Shi ne Alhaji Hamadu, tsohon dillalin shanu, wanda duk mahautan unguwarmu suka sani. Motar kuwa irin tsofaffin a-kori-kurar nan ce ta Faransa, mai rumfar tamfol a baya, wadda a Garwa ake kira kat-san-kat.

Ban tafi gida ba ranar, na laɓe bayan ganga ina saurare. Alhaji ya ce ya sayi motar sabuwa dal tun yana da sauran baƙin gemu, da ita ya ci kasuwannin shanu daga Pitowa har Meiganga, kuma ta fi shekara goma a kafe a bayan gidansa. Yanzu idonsa ke tafiya. Likita ya gaya masa ciwon ba ya juyawa, sai dai a lallaɓa shi, kuma ba wanda ya san ranar da zai rufe gaba ɗaya. Abin da yake so guda ɗaya ne, ya zauna a gaban motar nan ya sake ganin hanyar Pitowa da idonsa. Baba ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙasanta, ya shinshina bakin tankin mai, sannan ya ce, “Za ta tashi da yardar Allah, Alhaji, kuma kana gani za ta tashi.” Baba ba mutum ne mai saurin alkawari ba, shi ya sa maganar ta zauna mini a kai.

Ni a lokacin ba ni da zama. Inna kan ce ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi ni natsuwa, kuma ba sharri ta yi mini ba. Kafin in tafi lakwal na share tsakar gida da ƙofar gida, na cika randa, na wanke kwanuka, duk a guje, don in samu in biya ta garejin. In muna ’yar gala-gala da ƙawayena ni ke ɓata wasan, don ba na iya jiran layina. In aka aike ni wanki bakin kogin Binuwai, sai in bar kayan a kan dutse in bi masunta ina tambayar inda dorina ta kwana. A aji, malaminmu, wanda muke kira mushe da Faransanci, ya gaji da bugun tebur saboda ni, ya mayar da ni mai goge allo da jera littattafai, kuma nan ne kawai nake samun yabo, don in na jera abu daga babba zuwa ƙarami ko ƙuda ba ya samun wurin sauka. Hannuna ƙaiƙayi yake yi in na ga abu a warwatse. Gareji kaɗai ke iya riƙe ni awa guda, shi ma da sharaɗi ɗaya da Baba ya kafa mini: in kalla iya kallo, amma kada in taɓa abin da ke kan takarda.

Takardar nan ita ce dukan sana’ar Baba. Bai yi lakwal ba, ba ya karanta littafin mota, kuma motocin da ake kawo masa sun tsufa har ba a samun kayansu a shago. Sai ya samo tsofaffin buhunan simintin Figil ya farke su, ya shimfiɗa a ƙarƙashin rumfa, ya danne gefunan da duwatsu. Duk abin da ya kwance daga mota, a nan yake ajiye shi, na farko a hagu, mai bi masa a gefensa, layi bayan layi, kowanne yana fuskantar yadda ya fito. Wanda ya gani zai ce tarkace ne aka zubar, manya da ƙanana a cakuɗe, ga baƙin mai ga tsatsa. Shi kuwa in ya zo ɗaurawa, daga ƙarshen layi yake farawa ya dawo baya, ba ya ko tunani. Yakan ce, “Tsohuwar mota, kowane bulon ya saba da raminsa,” wato kowace ƙusar murɗawa. Makonni shida ya yi a kan motar Alhaji. Ya kankare tsatsa, ya yi walda, ya yanko roba daga tsohuwar taya ya yi abin da babu, ya fesa mata farin fenti irin na da, injin ma ya yi tari ya kama. Saura akwatin giya, wanda ya baje cikinsa a kan takarda uku.

Alhaji na zuwa duk bayan kwana biyu ko uku. Sai ya tsaya a gindin darbejiyar da ke bakin garejin, wuri ɗaya kullum, ya ƙura wa motar ido, ya faɗi abin da yake iya gani. Da farko har lambarta yake karantawa. Daga baya ya ce lambar ta ɓace amma yana ganin mariƙin ƙofa. A makon da aka yi fenti ya yi murmushi ya ce, “Fara ce, na gan ta.” Duk zuwansa sai Baba ya ƙara sauri, abincin da nake kawowa ma a tsaye yake ci.

Ranar wata Juma’a a ƙarshen Afrilu, Baba ya tafi masallaci ya bar ni ina jiran kwano. Sai hadarin farko na shekara ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga gefen takardun. Na tsaya, na zauna, na sake tashi, na leƙa hanya ba Baba. Na san sharaɗin sarai, amma na ce a raina in ruwa ya sauko ya tafi da ’yan ƙananan ƙarafan nan, motar Alhaji ta gama yawo. Akwai tamfol a naɗe a jikin bango wanda aka ajiye musamman don irin wannan rana, ko kallonsa ban yi ba. Na jawo daro na kwashe komai a ciki na kai ɗaki. Da a nan na tsaya, da da sauƙi, don maiƙon da ke jikinsu da tabon da suka bari a takarda za su iya nuna wa Baba hanya. Amma hannu ya riga ya fara. Na tattara takardun na cusa a shara, na zuba kananzir na wanke ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, na samo gwangwanayen madara na raba su, manyan bulon nan, ƙanana nan, ’yan siraran zobban ƙarfe da Baba ke kira rondel duk a gwangwani guda. Ina gamawa hadarin ya watse, ko ɗigo bai sauka ba, ni kuwa na zauna ina jiran yabo.

Baba ya dawo da darduma a kafaɗa. Ya dubi ƙasa inda takardun suke a da, ya dubi gwangwanayen. Sai ya zazzage rondel ɗin a tafin hannunsa, sun fi ashirin, a idona duk iri ɗaya ne. Ashe kowanne da kaurinsa, bambancin bai fi gashin kai ba, wasu ma shi ya goge su da hannunsa don su dace da wurin da ƙarfe ya cinye. In aka sa ɗaya a wurin ɗan’uwansa, giya ta ƙi shiga ko ta cinye haƙoranta, kuma babu inda za a samo wasu. Ya ce, “Dije, wa ya aike ki?” Muryarsa ƙasa-ƙasa, da duka ya yi mini da na fi jin daɗi. Da labarin ya kai gida, Inna ta ce garin gyaran gira na tsone ido, sai kuma ta tuna da mai motar, ta shige madafa.

Kwana goma sha bakwai Baba ya yi yana neman abin da na ɓata a awa ɗaya. Ya ɗaura akwatin, ya juya da hannu, ya kara kunne, ya girgiza kai, ya sake kwancewa, ya sauya zobe ɗaya, ya sake ɗaurawa. Bai kore ni ba. Ya ajiye mini kujera ’yar tsugune a gefensa ya ba ni faranti in riƙe, in na dawo daga lakwal nan zan zauna har la’asar sakaliya, kuma ban taɓa sanin horo mai zafin wannan ba. Ko abinci ba ya shiga. Abin da na fi tsoro shi ne ƙarar sandar Alhaji, don a kwanakin ne ya fara riƙe sanda. Ya tsaya a gindin darbejiya ya ce yau farin ya zama kamar hayaƙi. Ya tambayi abin da ya tsayar da aikin, na buɗe baki, Baba ya riga ni: “Hannuna ne ya yi nawa, Alhaji, a yi mini haƙuri.” Zuwansa na gaba bai tsaya a gindin bishiyar ba, ya zo ya lallubi motar da hannu ya zauna a kan benci, bai faɗi abin da yake gani ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Giyar ta shiga ranar wata Litinin, amma Alhaji ya ce a bari sai Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, kamar yadda ya saba. Baba ne ya tuƙa, Alhaji na bakin taga, shi kuma ya ce a sa ni a tsakiya. Da injin ya tashi ya karkata kai ya saurara, ya shafa gaban motar, ya ce muryarta ba ta sauya ba. Muna fita gari ya kira ni yarinya da Fillanci, ya ce, “Ɓingel, faɗa mini abin da kike gani.” Na shiga faɗa ba ko numfashi: ga Dutsen Tingilin da shimfiɗaɗɗen kansa, ga gonakin auduga an yi musu kaftu ana jiran ruwa ya zauna, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga jaki ya ƙi ba mu hanya. Ina tsoron in na yi shiru zan yi kuka. Shi dai fuskarsa na waje, iska na kaɗa masa rawani, idanunsa a buɗe ba sa bin komai.

Can wajen wata gangara ya ɗaga hannu ya ce akwai wata babbar tsamiya a dama, inda yake tsayawa ya zuba wa motar ruwa, tana nan? Na duba, ba tsamiya ba alamarta, sai wani mai sayar da fetur a kwalabe. Na dubi Baba, idonsa na kan hanya. Na ce, “Tana nan, Alhaji.” Ya ce, “Kin gan ta da kyau?” Na ce na gan ta, har da ’ya’ya. Ya yi ’yar dariya ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, “Da idona na ga an sare ta, tun ba a haife ki ba. Amma usoko, na gode, ɓingel, Allah ya yi miki albarka.” Daga nan har Pitowa shi ya karɓi bayanin, yana gaya mana abin da ke kowace kwana tun kafin mu iso ta.

Yanzu inda garejin yake masu gyaran babur ne suka cika shi, kuma na ga yaran yau kafin su kwance abu sai su ɗauki hotonsa a waya, in sun rikice su duba. Da akwai wannan a zamaninmu, da ɓarnata ba ta wuce yini ɗaya ba. Baba ya rasu, Alhaji ya riga shi da shekaru, motar kuma na ji ’ya’yansa sun kai ta Meiganga, ban san abin da ta zama ba. Baba bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ni ma ban taɓa samun ƙarfin gaya wa Alhaji cewa hannun da ya yi nawa ba na Baba ba ne. Na girma, na yi ’ya’ya masu rawar kai irin tawa, in sun yi ɓarna garin taimako sai in kasa yi musu faɗa. Har yau ina tambayar kaina ko da zai ga hanyar in da ban taɓa takardar nan ba, kuma duk waɗanda za su iya ba ni amsa sun tafi.