Kazar da Alƙasum Ya Kai Bambeye

A Tawa, in ka ce Alƙasum, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Ƙwai, kowane ɗan kabu-kabu ya san ƙofar da zai sauke ka. Sunan nan ya fi masa kajin kansu daraja, ko da yake ba zai yarda ba in ka faɗa masa.

Kamar yawancin samarin Adar, ya tafi bida Abijan tun gemu bai tsiro ba. Wasu suka kama tallar agogo, wasu shayi, shi kuwa Allah ya jefa shi gidan kajin wani attajiri, ya shekara goma sha ɗaya yana kwasar kashi da ƙwai. Ya dawo da ciwon baya da sanin kaza ciki da bai. Ya kafa rumfar kwano a bayan gari, ya zuba jajayen kajin turawa ɗari takwas, ya ajiye ruwan magani a ƙofa, wai kowa sai ya tsoma takalmi kafin ya shiga. Har surukinsa sai da ya tsoma.

Ƙanensa Idrisa bai taɓa wuce Konni ba. Yana Bambeye yana noman hatsi, da kajin gida da ke kiwon kansu a juji, su kwana kan aduwa. Duk sanda Alƙasum ya je gida sai ya dube su ya kece da dariya.

"Wanga ba kiwo ba ne, Idrisa, maƙwabtaka ce. Su suna harkarsu, kai kana taka."

Idrisa sai ya yi murmushi ya ce Yaya ya fi shi sani.

Shekarar da murar tsuntsaye ta ɓulla, aka tsayar da motocin ƙwai da ke shigowa daga kudu. Ƙwan dala ashirin ya koma talatin, ya doshi arba'in. Masu shayi suka yi layi a ƙofar Alƙasum tun hantsi, yana zaɓen wanda zai ba. Sati uku ya yi yana wannan sarauta. Sai wata safiya ya tarar da kaji goma sha a kwance, washegari hamsin. Likitocin dabbobi suka zo da fararen riguna, suka haƙa rami, suka gama da sauran. Kafin su iso ya riga ya ɓoye huɗu a madafar matarsa Zuhura.

Asarar ta yi masa ciwo, amma ba ita ta hana shi cin tuwo ba. Ran Lahadi ya fito kasuwa sai ya hango mutane sun yi cincirindo, a tsakiya Idrisa ne da ƙwarya uku cike da ƙaiƙayi, yana zaro ƴan ƙananan ƙwan nan da a da mai shayi ba ya ko kallo. Cutar ba ta leƙa Bambeye ba. Matan ƙauye sun tattara masa nasu, ya ɗoro a moto. Wani mai shayi da Alƙasum ya shekara shida yana ba ƙwai ya matso, ko jaje bai gama ba ya ce, "Alƙasum, don Allah ba ni lambar Mai Ƙwai."

"Wane Mai Ƙwai?"

"Ƙanenka mana."

Hassada ce ta kama shi, ba wani suna da za a saya mata. Da wani bare ne ya samu, da sauƙi. Amma Idrisa, wanda bai san sunan allura ko ɗaya ba, wanda kajinsa ke shan ruwan wanke-wanke! Ya koma gida yana ta maimaita wa Zuhura cewa wannan ba iyawa ba ce, sa'a ce, har ta gaji ta ce ai sa'ar ma Allah ke bayarwa. Bai sake yi mata magana ba ran nan.

Kajin madafa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, saura guda. Ran Laraba ya sa ta a kwali, ya ɗaure a bayan moto. Ya ce wa Zuhura zai kai ta ƙauye ta sha iska, ko ta tsira ta zama iri. Haka ya faɗa wa kansa ma, tun daga Tawa har Bambeye. To amma mutumin da ya shekara goma sha ɗaya cikin kaji ya san abin da kumburin kai ke nufi, ya kuma ga yadda zankonta ya canza launi da safe. A ransa cewa yake, in kiwon Idrisa iyawa ce, a gani.

Ya tarar Idrisa yana gyaran danga. Suka gaisa, ya kwance kwalin ya ce ga amana. Idrisa ya buɗe ba tare da ya duba ba, kazar ta sauka tana tangaɗi, shi kuwa ya kamo hannun wansa.

"Yaya, taho ka gani. Da Juma'a ni ka son in kawo maka, ga shi Allah ya kawo ka."

Ya watsa tsaba, kaji suka taho a guje. Cikinsu akwai sagaru, ƴan matan kaji da ke dab da fara ƙwai, kowace da jan ƙyalle ɗaure a ƙafa.

"Masu jan ƙyallen duk naka na. Talatin da biyu. Tun ran da niji abin da ya hwaru nib bi dangi gida-gida, kowa ya kawo tashi, har Inna ta ba da biyu. Na san ba irin naka ba ne, amma ka hwara da su. Ni wanga ciniki bai karɓe ni ba, riƙon ƙwarya ni kai maka."

Alƙasum ya juya. Jar kazarsa tana bakin kaskon ruwan kaji, ta tsoma baki cikin ruwan, sagaru huɗu suna sha tare da ita. Ya yi tsalle ya cafke ta har ya kifar da kaskon, ruwa ya malale, kaji suka bi shi suna tsotsa.

"Yaya, lahiya?"

Idrisa ya matso, ya ɗaga kan kazar da yatsa, ya dubi idon da ya kumbura da zankon da ya yi shuɗi. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, muryarsa ba ta tashi ba.

"Kai kac ce mani a waya, in nig ga zanko ya yi haka, in bizne ta nesa da gida, ko hannuna kar in kai ga sauran."

Alƙasum yana tsaye da kazar a ƙirji. Idrisa ya koma bakin danga ya ɗauko hauya ya miƙa masa.