Ɗaso da Hanyar Ladan

Duk wanda ya zauna a Nakkasa a shekarun da ake fasa duwatsun Makka ya san Ɗaso, in bai san sunanta ba ya san tsintsiyarta. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da saurin baki. Gyaɗa da gurjiya take soyawa ta sauka da su bakin titin Hindawiyya, ta zauna gefen inda 'yan tasi ke jiran fasinja. Ba ta da wani tarihi da za a rubuta a littafi, amma ni dai har gobe in na tuna abin da aka yi mata da sunan alheri sai raina ya ɓaci.

Ita da mijinta Malam Tsoho sun baro ƙasar Kano a ƙafa tana amarya. Sun yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga don haɗa guzurin jirgin ruwa, a can ta haifi tagwaye, Husaini ya koma, Hassan ya tsaya. Da suka sauke farali ba su juya gida ba. Malam ya hau tsaunin Nakkasa ya gina ɗaki da dutse da laka, sannan shi da maƙwabta suka tayar da ɗan masallaci can sama da gidajen. Hanyar da ta taso daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar masallacin kuwa shi kaɗai ya yi ta. Shi ya kafa kowane dutse, ya kauce wa wanda ya fi ƙarfinsa, shi ya sa hanyar ta fito a karkace, nan tudu nan kwana. Jama'a suka ba shi ladanci saboda muryarsa.

Daga baya yanar ido ta kama shi, gani ya tafi gaba ɗaya. Muryar ba ta tafi ba, ƙafar ma ba ta manta aikinta ba. Makaho ne, amma ba wanda ya taɓa ganin an ja shi. Lokacin salla na yi zai ɗauki sandarsa ya fita shi kaɗai, ya bi hanyarsa ya hau soron masallaci, baƙo ya gan shi ba zai ce ba ya gani ba. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, Ɗaso kuwa ta fi kowa sani.

Sai aka fara girgizar. Wasu 'yan kwangila ne suka kafa sansani a bayan tsaunin suna sa nakiya suna fasa dutse don gine-ginen gari. Kafin su tayar sukan busa usur su ɗaga jan ƙyalle, amma a wancan ɓangaren, inda ba kowa sai ma'aikatansu da awaki. Mutanen da ke kwance a kan tsaunin kuwa sai dai su ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu, kwanuka su zubo, randa ta tsage, yaro ya farka da kuka. Ba wanda ya hau ya tambaye su ko lafiya. Su ma ba wanda ya sauka ya kai ƙara, don rabin unguwar ba takardar zama, kai ƙara kuwa kiran hukuma ne ta zo ta leƙa ɗakinka. Liman ya yi ta jan addu'a bayan salla, mata suka koma ajiye tukwane a ƙasa, aka ci gaba da zama kamar haka Allah ya halicci wurin.

Kowace girgiza sai ta taɓa hanyar Malam. Wani dutsen ya gangaro ya tsaya a tsakiya, wani ya zame daga mazauninsa, tsakuwa ta cika matakala. Ɗaso ce ta ɗauki wannan a kanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Tana jin ƙasa ta motsa, ko tana tsakiyar ciniki, za ta rufe farantinta ta bar wa maƙwabciya, ta hau tsaunin da tsintsiya a cikin zafin nan na Makka da ke soya tafin ƙafa. Ta share, ta ture abin da ya gangaro, ta mayar da kowane dutse yadda yake, har da karkatarsa. Wanda ya tsage ta nemo mai kama da shi ta dasa. Malam zai fito ya wuce abinsa. Ko ya sani ko bai sani ba, bai taɓa tanka mata ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Akwai dalilin wannan rawar jiki. Dawuda, mai kantin da ke riƙe da al'amuran masallacin, yana da suruki Ja'afaru wanda ya yi karatu a Harami, muryarsa ba laifi. Wata rana da Malam ya yi tuntuɓe ya kuje gwiwa, Dawuda ya ce a gaban mutane, cikin murya mai taushi, ya kamata a tausaya wa bawan Allah a hutar da shi. Ɗaso ta ji maganar ta bayan katanga. Ta san irin wannan tausayin, shi ne wanda ake raba mutum da abinsa da shi, kuma a jira ya yi godiya.

Ana haka zafi ya kama, makarantu suka yi hutu, masu hali suka fara hawa Ɗa'ifa shan iska. Hassan a lokacin ya sami motar haya tasa ta kansa, yana ji da kansa. Ya zo da matarsa Asiya da 'ya'yansu, ya zauna a bakin tabarma.

"Ya Ummi, bana halas, magana ta ƙare, ba za ku kwana cikin wannan wutar ba. Na kama ɗaki a Ɗa'ifa wajen wani abokina. Ke da Abuya za ku bi mu."

Ɗaso ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa direba mun gode. Malam yana da aiki."

"Inna, ko mako biyu ne," in ji Asiya. "Yara kullum a tsorace suke da girgizar nan. Ke ma kin rame."

"Ramata ba ta hana ni komai ba."

Washegari sai ga Dawuda da kansa, Hassan ne ya je ya roƙo shi. Ya yi sallama ya tsuguna kusa da Malam ya ce, "Malam, ka je ka huta. Ja'afaru zai riƙe maka, aro ne. Ranar da ka dawo ka hau soronka."

Ɗa ya yi abin kirki a gaban jama'a, uba ba ya son ya kunyata shi. Malam ya ce to, Allah ya yi albarka. Ɗaso ta shiga ɗaki ta ɗaure kaya tana jan igiya kamar da ita take faɗa.

Ɗa'ifa dai ba a ƙi ta ba. Iska mai sanyi, ga inabi, ga rumman, ruwan randa har yana kama haƙori. Kullum da hantsi Hassan zai loda su a mota a tafi wani lambu, a shimfiɗa darduma a ƙarƙashin itace, Asiya ta dafa shinkafa da nama, yara su yi ta guje-guje suna zuba Larabci, kakarsu na amsa musu da Hausa. Ranar Juma'a aka je babban masallacin garin. Kowa ya ce an ji daɗi, kuma gaskiya ne.

Ɗaso kuwa ido ta zuba wa mijinta. A nan ta fara ganin makantarsa. Inda aka ajiye shi nan zai wuni. In zai zagaya sai ya jira an lura da shi, in an kira salla sai ya tambayi ina gabas. Hassan na riƙe masa hannu da ladabi, yana cewa a hankali Abuya, ga rami Abuya, shi kuma yana bi. Ya daina tsokanar jikokinsa, ya rage cin abinci. Ita kuma ƙasar da ba ta motsi ta hana ta sukuni, don ta san can gida tana motsawa, kuma ba mai bin bayanta da tsintsiya. Ta ce a koma, Asiya ta roƙe ta a ƙara kwanaki saboda ƙaramin yaron ya fara barci sosai. Ta sake cewa a koma, Hassan ya ce mota na wajen gyara. Mako biyun nan sai da ya zama wata guda da 'yan kai.

Da hantsi suka iso Nakkasa. Tun daga gindin tsaunin Ɗaso ta ga abin. Hanyar ba ta nan. A madadinta wata shimfiɗaɗɗiyar matakalar siminti ce, miƙaƙƙiya sak, fara fat, ta tashi daga ƙasa har sama, ta bar ƙofar gidansu a gefe. Masallacin ma an yi masa sabon bango. Hassan ya goya ubansa ya kai shi ɗaki yana ta yabon aikin, maƙwabta suka taru ana barka da dawowa.

Dawuda ne ya ba da labari, fuskarsa cike da fara'a. Bayan tafiyarsu an yi wata girgiza da ta fi duk na baya, bangon masallaci na wajen ƙofa ya tsage daga sama har ƙasa. Wani daga cikin 'yan kwangilar ya ji labari, ya aiko da siminti a kan jakuna, ya ce a gyara, ba sai magana ta yi nisa ba. Matasa suka yi gayya. Tun da siminti ya ragu, sai aka ce a yi wa Malam hanya mai kyau ya daina tuntuɓe.

"Ita tsohuwar fa?" in ji Ɗaso daga bakin ƙofa.

"Ai duwatsunta muka zuba a ƙarƙashi, Hajiya. Sun yi amfani."

"Wa kuka tambaya?"

Dawuda ya yi dariya kaɗan. "Alheri ai ba ya bukatar izini. Don shi muka yi."

"Don shi kuka yi, ba ku jira shi ba? Da hannunsa ya kafa ta, da ƙafarsa yake ganinta. Sun fasa muku bango sun toshe muku baki da siminti, ku kuma kun zo kun toshe masa ido na biyu, kuna jira in ce an gode."

"Ɗaso," in ji Malam daga cikin ɗaki. "Ya isa. Dawuda, Allah ya saka da alheri."

Mutane suka watse suna cewa tsohuwar ba ta da godiya. Har Hassan sai da ya ce mata ma'aleshi, ta yi haƙuri, ai an yi don Allah ne. Ba ta kula shi ba. Ta fita ta tsaya a kan simintin da tsintsiyarta a hannu, ta duba sama ta duba ƙasa, ba ko tsakuwa ɗaya da za ta gyara.

Rana ta take tsaka, azahar ta gabato. Malam ya yi alwala ya sa farar rigarsa ya ɗauki sanda. Ɗaso ta ce, "Malam, bari in rako ka yau kaɗai, ka ji yadda take."

"Zauna. Yaushe aka fara rako ni masallaci?"

Ya fita, ta bi shi a baya nesa kaɗan, ba takalmi don kada ya ji ta. Ya juya dama inda ya saba juyawa, sandarsa ta sami iska. Ya ja da baya, ya laluba, ya ci karo da gefen matakalar ya hau. Kowane taki daidai yake da ɗan'uwansa, ba wanda zai gaya masa inda ya kai. Ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Rana na dukansa, gumi ya jiƙa rigar. Mutane sun fara fitowa da butoci, suna ratse shi suna sannu Malam, an dawo lafiya, ba wanda ya ga abin da ke faruwa. Da ƙyar ya kai sama, ya miƙa hannu inda ƙofa take shekara da shekaru, ya taɓa bango. An mayar da ƙofar ɗaya gefen, ba wanda ya tuna ya gaya masa. Ya bi bangon da tafin hannu ya yi hagu, ya dawo ya yi dama.

Can ciki an jira, an ga lokaci na wucewa. Ɗaso ta hango Dawuda ya ɗaga wa surukinsa kai. Sai muryar Ja'afaru ta tashi daga soro, daidai saman kan Malam.

Hannunsa ya tsaya a jikin bangon. Ɗaso ta zaci zai yi magana, ko ya buga sanda a ƙasa, ita da kanta maganganu sun cika mata baki. Bai yi ba. Ya sauke hannun, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suka fara motsi. Amsa kiran yake yi, kalma bayan kalma, kamar kowane mai sauraro. Tun da aka gina masallacin nan ba ta taɓa jin ya amsa kira a nan ba, shi ake amsa wa. Har ya yi kuskure a wuri ɗaya, ya maimaita abin da ladan ya faɗa a inda ake cewa la haula, ya koma ya gyara.

Da aka gama ya yi addu'ar bayan kira, ya shafa. Bai juyo ba ya ce, "Ɗaso, na san kina nan."

"Ina nan, Malam."

"Zo ki kama hannuna ki kai ni ƙofa, kada in rasa sahu."

Ta jingine tsintsiyar a bango, ta kama.