Kawu A-Wajen-Wa da Bishiyar Mangwaro

Sana'ar Kawu saran bishiya, amma a dangi ba da gatari aka san shi ba, da tambayarsa aka san shi. In ka ce masa wane mugu ne, ko ruwan jiya ya yi kyau, sai ya karkace hula ya ce, "A wajen wa?" Har sunan ya bi shi.

Haka yake aikinsa ma. Duk wanda ya kira shi, ba ya ɗora gatari sai ya zauna ƙarƙashin bishiyar da rana tsaka, sannan ya je ya tsaya inda mai ƙorafin yake tsayawa.

Rannan ƙorafin ya zo gidansa. Mangwaron da mahaifiyarsa ta shuka ya miƙa rassa ta kan katanga, tsuntsaye suna yi wa motar maƙwabcinsa direba ado da kashi.

"Maƙwabci, wannan muguwar bishiya sai ta faɗi!"

Goggo, matar Kawu, wadda keken ɗinkinta ya tsufa a inuwar, ta ɗago. "Muguwa? Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

"A wajen wa?" in ji Kawu, ya sha harara biyu.

Ya zauna gefen keken Goggo, iska na kaɗa shi, ya ji kamar uwarsa ce ke masa fifita. Ya zagaya ya tsaya jikin motar, sai ji ya yi ɗal a kan hula. To, kowa da gaskiyarsa. Ya hau ya sare rassan da suka tsallaka, ya bar sauran. Bishiya ta koma kamar wadda mai aski ya gudu ya bari.

Direba ya yi ta godiya. Amma ba a jima ba rana ta samu kwanon ɗakinsa babu mai tare ta, ɗaki ya zama tanda. Sai ga shi da kujera a hannu yana sallama.

"Ko akwai ɗan wuri?"

Goggo ta matsar da keke gefe. Ya zauna, ya share gumi, ya kalli sama.

"Kai, bishiyar nan akwai kirki."

Kawu ya karkace hula, ya buɗe baki.

"Maigida," in ji Goggo, ƙafarta na kan keke, "ka faɗa, yau ka kwana da yunwa."

Ya mayar da hular daidai.