Fatsar Malam Mika'ilu

Duk ɗan Nijar da ya taɓa zama a Bron, a gefen birnin Lyon, ya san muryar Malam Mika'ilu kafin ya san fuskarsa. Gajeren mutum ne mai tsabta, hannunsa a sake, aikinsa gwajin ruwa a wani ɗakin bincike na jami'a. Amma fa baki! Idan ransa ya ɓaci, direban jirgin tram da limamin unguwa duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma duk Faransancin da ya sha, fushinsa da Hausa yake fitowa, ta Maraɗi tsantsa, ko da wanda ake zagin bai san "sannu" ba. Bakin nan ne ya kori matarsa Hawwa. Ta gaji, ta ɗauki 'yarsu Nuriyya suka koma Bobigny kusa da Paris, wurin wanta Nouhou.

Da hawan jini ya kwantar da shi, likita ya ce ya nemi abin da zai koya masa natsuwa, ya gwada kamun kifi. Shi za a koya wa su! Ɗan masunta ne daga Madarunfa, ubansa da kakansa a tafki suka ci suka sha. Ya sayi fatsa da katin izini, duk Asabar yana bakin wani tafki a bayan Lyon, yana dakon wani kifi mai faɗin baki da ake kira bas.

Kifin nan kuwa ya raina shi raini na ƙarshe. Tun da sanyi ya saki gari har ganyaye suka fara zuba, ko lasar ƙugiyarsa bai yi ba. Ya gwada tana, ya gwada kifin roba, ya sauya wuri, ya zagi tafkin da wanda ya haƙa shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maƙwabtansa na bakin ruwa. Su suna kamawa, sai su ɗaga kifin a yi hoto, wani har ya sumbace shi, sannan su mayar da shi ruwa a hankali kamar jariri.

"Allah ya ba ka abinci, ka ɗauki hoto ka mayar masa!" in ji shi, yana huci shi kaɗai.

Ana cikin haka Nuriyya ta kira shi. Ta sami miji, Taha sunansa, haifaffen Bobigny, ba ya jin Hausa, shi ma mai son fatsa ne. Za ta kawo shi su wuni a tafkin.

"Baba, wuni ɗaya nake roƙo. In ka yi mishi irin naka, Kawu Nouhou ne zai ba da aurena. C'est tout, shi ke nan."

'Yarsa ke nan guda a duniya, a ce yana raye wani ya zauna a gaban limami a madadinsa! Ya rantse zai kama bakinsa. Ya sayi mai da yaji da albasa a ajiye, don ya ƙudura cewa in Allah ya kawo kifi zai soya shi irin na Madarunfa, yarinyar ta ci daga hannun ubanta.

Ranar ya yi ƙoƙari, wannan kam a ba shi. Taha yaro ne mai ladabi, sai dai surutu. Ya duba ƙullin ƙugiyar Malam ya ce ba haka ake yi ba. Ya ce masa kamun kifi sai da haƙuri, mutum ya riƙa sa rai da alheri. Ɗan Bobigny ne ke yi wa jikan masunta wa'azin haƙuri! Malam Mika'ilu ya cije leɓe ya ce, "Merci."

Bayan la'asar sandar fatsar Malam ta lanƙwashe. Ya ja, kifi ya ja, ya ga bayansa kore ya tashi sama ya faɗa. Ya jawo shi gaɓa. Taha ya sa ragarsa ya kwaso shi, ƙato mai tumbi, ya cire ƙugiya, ya ɗora wa Malam a hannu aka yi hoto. Sannan ya karɓe shi yana ta fara'a, ya durƙusa, ya sake shi. Kifi ya kaɗa wutsiya sau ɗaya ya ɓace.

Abin da ya fito daga bakin Malam Mika'ilu ba mai maimaituwa ba ne. Ya fara da yaron, ya bi ta kan iyayensa, ya haɗa da garin da ya haife shi. Agwagin bakin ruwa suka watse. Taha ya miƙe, hannu jiƙe, ya tambayi Nuriyya me Baba yake cewa.

"Godiya yake maka," ta ce masa da Faransanci. Sannan ta juyo ga ubanta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun ina lakwal nike wannan aiki. Ka zagi malama, in ce ka gode. Ka zagi mai gidan haya, in ce ka gode. Na gama, Baba. In kana da magana, faɗa mishi da harshen da yake ji, ya san wa zai kira suruki."

Ta ɗauki jakarta ta rataya. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da sauƙi.

Ya buɗe baki. Zagin yana nan cike da ƙirjinsa, kuma ya san kowace kalma da Faransanci. Ya dubi yaron, ya dubi jakar da ke kafaɗar 'yarsa. Ya haɗiye zagin.

"Kifin nan na Nuriyya ne," ya ce wa Taha da Faransanci. "Na so in soya mata. Rabon da ta ci girkina tun tana yarinya."

Taha ya sunkuyar da kai. Nuriyya ta tsaya tana kallon ruwa, ba ta ce ta yafe ba. Can sai ta sauke jakar a kan ciyawa, ta zauna kusa da gwangwanin tana, ta ɗauke shi ta miƙa wa ubanta.