Kawu Illo Rezin

Ku da kuka san Madarumfa a shekarun farko na mulkin kai, wa ya taɓa jin Kawu Illo ya ce "ƙara"? Sai dai "rezin"! Kalmar Ingilishi ce da ya tsinto bakin direbobin Katsina, suna faɗinta in an taka totur inji ya yi ƙugi. Shi kuwa ya ce ma'anarta a ɗaga abu sama, a ƙara masa ƙarfi, kuma ya rantse komai na duniya yana karɓarta.

Farkon dawowarsa daga Katsina ya ɗanɗana miya, ya ce wa matarsa, "Hajo, yi mata rezin." Baiwar Allah ta fita da sauri, sai ga ta da reza ta aro a maƙwabta. "Ga ta, Malam. Amma me za a aske wa miya?"

Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya taɓa tare shi a kasuwa. "Illo, nan Nijar ce, ogmante ake cewa da Faransanci."

"Mushe, kafin ka gama faɗin wannan ai wutar ta mutu!"

To, shekarar da tabkin garinmu ya cika ya doshi unguwarmu, maigari ya aiko kowa ya kwashe. Kawu ya ce gidan da ubansa ya gina ba zai bar wa kifi ba. Na je ina roƙonsa, wallahi har da hawaye, na iske shi tsamo-tsamo cikin laka yana ɗaga datsiya.

"Kawu, ruwa fa ƙaruwa yake!"

"Yana rezin, ina rezin. Mu ga wa zai gaji."

Kai, taurin kai! Ruwa ya ci katangar kowa, ya tsaya a bakin zaurensa, ya juya. Da tabki ya janye sai liman ya zolaye shi: "To Illo, ya ake cewa sauka da Ingilishin?"

"Ban koyo ta ba, Liman. Me zan yi da ita?"

Ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa ni ke zaune a kansa, ina maimaita masa kalmar shahada can ƙasa-ƙasa. Ya buɗe ido ɗaya ya harare ni.

"Rezin, ɗan nan."

Na ɗaga murya, ya bi ni har ƙarshe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa. Darajarsa kuwa, ya Rabbi, ka yi mata rezin.